Gefen da Babu Magana

Alƙahira, Janairu

Kawu Wagdi,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kuma gwiwar nan ta sake ka. Mama tana gaishe ka. Lafiyarta lau, sai hawan jinin da ka sani. Likita ya ce ta rage gishiri, ita kuma ta ce likitan yaro ne, bai san abinci ba. Ni ma ƙalau nake, ban da murar da na kwaso a gidan su Bishoi, abokin kiɗana, ranar Kirsimetinsu. Mahaifiyarsa ta yi ta ɗura mana fatta, shinkafa da burodi da nama, har na kasa sunkuyawa in ɗaura takalmi.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna, tunda rabona da rubuto maka tun ina sakandare. Roƙo ne ya kawo ni, gara in faɗa tun da wuri.

Makon jiya Mama tana neman bargo a saman kabad, sai ta sauko da kwalin kayan Kaka da aka kwaso daga Dumyat. A ciki akwai kaset guda, an rubuta "Wagdi, Basra" a jikinsa. Na sa shi a rikodata. Kawu, ni ban san muryar Kaka ba, ina rarrafe ta rasu. A hoto na ɗauka mace ce mai sanyin magana. Ashe ko sallama ba ta gama yi maka ba ta hau kawo ƙarar agwagin maƙwabciya da suka cinye mata na'ana'a. Na yi dariya har da hawaye. Da na waiga sai na ga Mama ta shige kicin ta rufe ƙofa.

Mama ta ce duk duniya babu inda muryar Kaka ta rage sai a wannan kaset ɗin, kuma ba nata ba ne balle ta ba ni. Naka ne.

Ga roƙon. Duk shekara ranar Shammun Nasim, bikin shigowar bazara, muna haɗuwa da abokai da safe a saman benen su Bishoi a Abdin, da fasik, kifin nan mai wari da ake tsumawa a gishiri, da albasa mai lawashi da ƙwai mai rini. Bana mun ce kafin a ci abinci za mu yi wasa, kowa ya kawo abin da ya haɗa. Ni ina so in haɗa nawa da muryar Kaka. Ka san irin kiɗan da nake yi, ko kuma in ce ba ka sani ba, don Mama in an tambaye ta sana'ata cewa take ina gyaran rediyo. Ba zan taɓa kaset ɗin ba sai na ji daga gare ka.

'Yarka,
Basant

*

Salala, Fabrairu

Basbusa,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya. Gwiwa tana nan, mun saba da juna. Ki ce wa mamanki Afaf ta bi maganar likita, ni ne yayanta kuma na ce. Aiki da godiya. Ɗakunan sanyin kamfanin kifi ba sa barin mutum ya zauna, in ka gyara wannan sai wancan ya fara tari.

Kaset ɗin nan na ɗauka ya salwanta lokacin da aka kwashe gidan. Da na kai wurin a wasiƙarki sai da na ajiye takardar na fita na ɗan zaga. Inna ba ta rubutu, haka ma yawancin iyayen abokan ɗakina a Basra, saboda haka duk mai zuwa daga gida sai an cika masa jaka da kaset-kaset. In na mutum ya iso, duk ɗakin ake taruwa a ji, babu wani sirri. Har na bar Basra ba a daina kirana Mai Agwagi ba.

Na yarda. Inna mai son taro ce. Da za ta ji an tara mata 'yan Alƙahira a saman bene, da sai ta ƙara musu da labarin akuyar liman. Sharaɗina ɗaya ne. Gefen da take magana shi na ba ki. Ɗaya gefen nawa ne, kada ki sa wa kowa shi. Kada ki tambaye ni dalili a takarda, in na zo hutu ma yi maganar.

Yanzu ni ma ga tawa tambayar. Wane irin kiɗa ne wannan? Akwai mawaƙi? Ana rawa? Afaf ta taɓa ce min ta je kallonku, ta zauna tana jira ku gama gwada kaya ku fara, sai kawai ta ga mutane sun miƙe suna tafi. Ni shekara da shekaru ina kara kunne a jikin injin sanyi don in ji inda ke masa ciwo. Akwai wani tsohon inji a nan, in ya ɗau zafi yakan yi wani gurnani mai hawa da sauka, har nakan tsaya ina saurare bayan na gama gyara. Wannan ma kiɗa ne a wurinku? In haka ne ki faɗa min in daina jin kunya. Sannan ta yaya ake kiɗa da muryar tsohuwa mai faɗan agwagi? Ki yi min bayani dalla-dalla, kamar wanda bai san komai ba, don ban sani ɗin ba.

Kawunki,
Wagdi

*

Alƙahira, Maris

Kawu,

Gaisuwa mai tarin yawa. Mura ta tafi. Na isar da saƙonka, Mama ta ce wanda ya bar gari ba ya yi wa mutane doka a kan gishiri.

Na gode, na gode! Da wasiƙarka ta zo sai da na yi tsalle a matakala. Injinka kuwa kiɗa ne, ka daina jin kunya. Ka ɗauko min shi a kaset kafin wani ya gyara shi sosai ya ɓata.

Bari in ba ka labarin wasan da muka yi ranar Juma'a da la'asar, ka ga yadda abin yake. A wata tsohuwar maɗaba'a ce a tsakiyar gari, mutane a zaune a ƙasa tsakanin injuna. Bishoi ya manna ƙaramin makirfo a jikin keken ɗinkin mahaifiyarsa yana takawa a hankali. Ƙawarmu Nirmin tana murɗa wata na'ura da ta haɗa da hannunta, mai kuka irin na sauro. Ni kuma ina ƙasa da kaset-kaset ɗina. Ana tsaka da yi sai komai ya ɗauke. Ba wanda ya motsa. Daga titi aka jiyo mai sayar da tukunyar gas yana ƙwanƙwasa ta da sifana, ga famfo yana ɗiga a bayan ɗakin.

Bishoi ya raɗa min, "Ke, wuta ce fa ta tafi."

Na ce, "Rufe bakinka, duk abin da ka yi yau wannan ya fi daɗi."

Aka yi ta tafi. Muna kwashe kaya mai gadin ginin ya leƙo ya ce, "Alhamdu lillahi, ya ustaz, kun samu kun gyara abin? Tun ɗazu nake jin yana wahala."

To ga yadda na yi da Kaka. Da farko na kwafe gefen maganar gaba ɗaya a kwamfuta, na kuma yi wa Mama nata, ko kalma ɗaya ba za ta ɓace ba. Sannan na kwance kaset ɗin, na zaro zaren, na sa reza na yanko guntaye daga farkonsa, wurin gaisuwa da faɗan agwagi. Kowane guntu sai in haɗa bakinsa biyu da salatif ya zama zobe, in saka shi a gidan kaset na daban. In ya fara juyawa ba ya ƙarewa, Kaka ta yi ta maimaita magana ɗaya har kunnenka ya daina jin kalmomin ya koma jin waƙar da ke cikinsu. Bishoi ya ce in yanka kwafi mana in bar na ainihin. Na ce a'a, tsohon zaren yana da wata dishewa mai daɗi da kwafi ba ya ɗaukowa. Wasu zobban na goga musu maganaɗisu a hankali don muryar ta yi nisa. Wanda ya fi kyau shi ne na farkon farko, inda ta kira sunanka. Na yi ta goga har sunan ya koma numfashi kawai.

Sharaɗinka yana nan, ɗaya gefen ba wanda zai ji shi. Ni dai son sani ya ci ni na ɗan sa shi kafin in fara aiki, ka yafe min. Na saurara na ɗan lokaci, babu komai sai shuuu da wata mota can nesa, sai na kashe. Ko tsufa ne ya cinye abin da ke kai? Ban kwafe shi ba, tunda ka ce naka ne.

Ka rubuto ka faɗa min ko ka gane, ko kai ma za ka koma ɓangaren mai gadi.

Basant

*

Alƙahira, Afrilu

Kawu Wagdi,

Ina gaisuwa. Mu duk lafiya. Kai ne ban sani ba.

Kullum sai na buɗe akwatin wasiƙu, babu komai sai takardar wuta. Mama ta ce ta kira ka a kamfani, ka ce kana lafiya, ka ce layin ba kyau, ka ajiye. Ta ce ita dai tana jin ka raɗau.

Na sake karanta abin da na tuna na rubuta maka, ina neman inda na yi laifi. In sunanka da na mayar numfashi ne ya ɓata maka rai, wallahi yana nan garau a kwamfuta. In kuwa ka sake tunani ne, ka ga bai dace baƙi su yi wa Kaka dariya a saman bene ba, ka faɗa min kawai. Zan fasa, ba zan ji haushi ba. Shirun nan ne ba na iyawa.

Biki ya matso. Nirmin ta sa an kawo mata fasik tun daga Nabaro, ta ɓoye shi a baranda, maƙwabtanta sun daina gaishe ta. Ni aka ɗora wa rinin ƙwai, na tara ɓawon albasa da zoɓo. Amma zobban suna cikin kwali, na kasa ko kallonsu.

Don Allah ko layi biyu ne.

Basant

*

Salala, Afrilu

Basant,

Ina lafiya. Wasiƙunki biyu suna gabana. Ba fushi na yi ba. Na sha zama in rubuto miki, hannun ne ya ƙi.

Ni mai gyara ne, na san gefen kaset biyu a jikin zare ɗaya suke. Ina ganin kalmar reza a takardarki na tuna da wannan. Ke ma kin san da haka, sai dai kin ɗauka babu abin da za a yanka a bayan. Ni kuma ban taɓa kawowa a raina akwai mai kiɗa da reza ba, da na yi miki bayani tun farko.

Amma Basbusa, ke fa jikar 'yan Dumyat ce, masu tsimi. Kin taɓa jin mutuniyar Dumyat ta sayi kaset ta aika rabinsa fanko?

Ga abin da ke kai. Shammun Nasim na farko da na yi ba a gida ba, Inna ta shimfiɗa tabarma a baranda, ta ɗauki rikodar ta ajiye a wurin zamana, tsakanin Baba da bango. Tana tsoron in an taru hayaniya za ta sa ta manta maɓallin, sai ta danna tun babu kowa, ta koma kicin. Shirun da kika ji ke nan. Yana da tsawo, kusan rabin gefen. Daga nan za ki ji takalmin Baba. Sai mamanki, tana 'yar yarinya, tana kuka wai an fasa mata jan ƙwanta. Sai a dire tire, a yi ta jera kwanuka, ana yanka lemun tsami. Ba wanda ya yi wa rikodar magana. Can dab da ƙarshe sai kowa ya yi tsit, ki ji an turo faranti a kan tiren tagullar nan, ƙiiii, har ya zo ya taɓa rikodar. Inna ce. Haka take turo min tun ina yaro, ba ta miƙo wa mutum a hannu. Sai Baba ya yi gyaran murya ya ce bismillah. Sai kaset ya ƙare.

Baba bai taɓa yarda ya yi magana a rikoda ba, cewa yake mutum ba ya zance da akwati. Wannan kalmar ita kaɗai ce tasa.

A Basra, ranar Juma'a in 'yan ɗaki sun fita, sai in shimfiɗa jarida, in ajiye burodi da abin da ya samu, in juya kaset. Ba na taɓa abincin. Shirun ma ina sonsa, don na san tana kicin. Sai farantin ya iso, Baba ya yi bismilla, sannan in ci. Ƙato da gashin baki yana jiran akwati ya ba shi izinin cin abinci, kin ga ai ba abin faɗa wa mutane ba ne. Tun da suka rasu ban iya sake sa shi ba, amma kafin a kwashe gidan, sanin cewa yana nan ya ishe ni.

Kin ce daga farkon gefen magana kika yanko. Farkon wancan shi ne ƙarshen wannan. Ki duba min. Duk abin da kika tarar ki faɗa min gaskiya, kada ki lallashe ni.

Wasan kuwa kada ki fasa. In wani abu ya rage, na janye sharaɗina, ki yi abin da kika ga dama da shi. Na gaji da riƙe shi ni kaɗai.

Kawunki

*

Alƙahira, washegarin Shammun Nasim

Kawu,

Muna lafiya. Ka ce kada in lallashe ka, to ba zan yi ba.

Ranar da wasiƙarka ta zo na haɗa ragowar zaren, na naɗe shi da biro, na zauna na ji shi daga farko har inda rezata ta tsaya. Ni da nake cika wa mutane baki cewa sana'ata saurare ce, ashe ban iya jira ba. Takalmin yana nan, kukan Mama yana nan, tire da lemun tsami duk suna nan. Na kwafe su a wuri uku.

Sannan na ɗauko zobban ina juya su ɗaya bayan ɗaya. Maganaɗisu ba ya zaɓen gefe, Kawu. Bismillar Babanku tana bayan sunanka ne. Ta tafi. Bishoi ya ƙure ƙarar har lasifika tana rawa, ba mu samu ko gyaran muryar ba. Ni na goge ta da hannuna, ina yi ina jin daɗi. Ba ni da abin cewa sai ka yafe min, kuma na san yafiyar ba za ta dawo da ita ba.

Zoben agwagi na bari a ƙarshe don tsoro. Shi kaɗai ne ban goga ba, saboda wurin na'ana'ar nan yana ba ni dariya. Na juya shi, na danna. Shiru kaɗan, sai ƙiiii, sai ƙwas, ya taɓa. Sai ya zagayo ya sake. Farantinka yana nan, Kawu, lafiya lau. Agwagin maƙwabciya ne suka tsare maka shi.

Na kira Mama ta ji. Da ta ji sai ta ce, "Ashe abin da ta yi ke nan. Mu da muka ɗauka Inna ta fara ruɗewa, tana zuba wa rediyo kifi." Sai ta ce wasan nan da ita za a je.

Jiya da hantsi ta hau benen su Bishoi tana hutawa a kowane hawa tana zagin wanda ya gina shi. Saman ya cika, wayoyi sun ratsa tsakanin tabarmi, magen unguwa duk sun hallara saboda warin fasik. Bishoi da Nirmin suka yi nasu. Da aka zo kaina na fara da agwagi. Aka yi dariya, daga baya dariyar ta lafa, muryar Kaka ta hau kan junanta tana hawa tana sauka. Sai na tsayar da komai, na ciro zoben a gabansu na juya shi. Na ce musu wannan kakata ce take tura wa ɗanta abinci daga Dumyat zuwa Basra. Ban ƙara komai a kai ba, na bar shi yana zagayawa.

Ban san me suka ji ba. Na dai ga Bishoi, wanda bai taɓa ba wa kowa rabonsa ba, ya tura wa na kusa da shi farantinsa.

Da aka zo ci, na sa sabon kaset a rikoda na ajiye ta a tabarma kusa da bango, na danna tun ana jera kwanuka. Na roƙe su kowa ya yi bismillarsa ko addu'arsa a zuci, kuma a jira.

Nirmin ta ce, "Wallahi Basant, in kika ƙara ja mana rai, rikodar zan fara ci."

Mama ta ce, "Ke, yi mana shiru, yayana zai ci abinci."

Ita ta cire ƙayar, ita ta matsa lemun tsamin, ita ta turo. Bayan nan na bar wuri, ba wanda ya ce uffan. Kaset ɗin ne a cikin ambulan ɗin nan. Gefe na farko wasan ne. Na biyu naka ne.

Kada ka tambaye ni ko Mama ta ci fasik.

'Yarka,
Basant

*

Salala, Mayu

Basbusa,

Saƙo ya iso lafiya. Gwiwa da sauƙi. Ki ce wa Afaf na ji ta sarai tana cewa a ƙara mata fasik, kaset ba ya rufa asiri.

Na yafe miki. Ba zan ce abin bai yi min ciwo ba, ya yi, kuma yana yi. Amma na yafe.

Gefe na farko na ji shi har sau biyu. Tsakiyarsa ban gane ba, sai dai ban kashe ba. Akwai inda muryar Inna ta yi ƙasa tana gurnani, wallahi ita da tsohon injina kamar uwa ɗaya ta haife su. Na ɗauko miki shi, yana cikin ambulan. Shi kam ki yanka yadda kike so, na duba bayansa, babu komai. Ina da tambaya: in zoben ya yi ta zagayawa, ba ya gajiya ya tsinke? Ki kula min da na agwagin.

Gefe na biyu na bari sai Juma'a. A nan ba a samun fasik, sai na soya sardin, na yanka albasa, na shimfiɗa jarida a ƙasa duk da gwiwar. Na danna, na naɗe hannu. Na ji kwanuka, na ji wata mage, na ji yarinyar nan mai son cin rikoda. Sai Afaf ta turo farantin. Hannunta ya fi na Inna gaggawa, amma ya iso.

Sai shirun da kika bari. Na zauna ina jira, na manta babu mai faɗa. Da na ga abinci zai huce, sai na yi gyaran murya na ce bismillah.

Basant, har waigawa na yi. Muryar Baba ce sak, da dishewarta da komai. Na lissafa, ashe na girme shi yanzu, a shekarun da yake da su ranar nan. Babu kowa a ɗakin sai ni da rikoda.

Na jawo farantin na cinye tas.

Kawunki,
Mai Agwagi